Aikin Gida na Tarihi, Labarin Ƙasa da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa: Jagora ga Ɗaliban Mafara, Bakura da Maradun

Ɗalibin sakandare da ke zaune a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana da gatan da bai cika sanin yana da shi ba. Da yawa daga cikin abin da littattafan tarihi da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa ke wahalar koya masa, suna nan a ƙofar gidansu. Ga madatsar ruwan Bakalori, ga Gulbin Sakkwato, ga kasuwar Mafara tana ci kowace Talata. Cikin gwamnonin farar hula biyar da suka mulki Zamfara tun daga 1999, uku daga waɗannan garuruwa suka fito. Amma da zarar malami ya ba da aikin gida, sai yaro ya kwafe shafi guda daga littafi, ko ya ari na abokinsa da sassafe kafin a kaɗa ƙararrawa, ya miƙa amsar da shi kansa ba zai iya bayaninta da Hausa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin waɗannan darussa uku su ne masu sanar da yaro inda ya fito, da inda yake tsaye, da abin da yake bin hukuma bashi. Hanyar da zan shimfiɗa a nan guda ce: ka fara daga abin da idonka ya sani, sannan ka ɗaure shi da abin da ke cikin littafi. Da kai nake, ƙanena, da ke ƙanwata, da kuma duk yaya ko kawu ko uwar da ke zama kusa da yaro da dare tana taya shi.

Kafin ka ɗauki biro

Ka karanta tambayar sau biyu, sannan ka rufe littafin ka faɗe ta da Hausa da bakinka. In ka kasa, to ba ka gane ta ba tukuna, kuma duk abin da ka rubuta a wannan hali ɓata takarda ne. Nemi ƙamus, ko ka tambayi wanda ya fi ka Turanci ya fassara maka tambayar kawai, ban da amsar.

Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin abu uku: kalmar umarni, da batun da ake tambaya a kai, da adadin da ake so. Kalmar umarni ita ce mai gaya maka tsawon amsa. Tambayar da ta ce ka lissafa, jeri take so, layi ɗaya-ɗaya. Wadda ta ce ka bayyana, tana son kowane batu ya zo da dalilinsa. Wadda ta ce ka tattauna, tana son ka duba alheri da illa duka. Wadda ta ce ka kwatanta abu biyu, tana son ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, inda suka yi kama da inda suka saɓa. A nan ne ake zubar da maki a jarrabawar WAEC da NECO: an ce bayyana dalilai huɗu, ɗalibi ya jero takwas ba tare da bayanin ko ɗaya ba, ya fito yana murna ya cika shafi. Aikin gida shi ne wurin da za ka saba da wannan tun kafin ranar ta zo.

Ka tanadi takardar gwaji daban da littafin da za ka miƙa. A kanta za ka zuba tunaninka da Hausa, gajeru-gajeru, kafin ka mayar da shi Turanci. Ba abin kunya ba ne. Wanda ya tsara hujjarsa da harshen da yake tunani da shi, Turancinsa ma ya fi fita da tsabta.

Tarihi

Abu na farko da nake so kowane ɗalibi ya yi, ko malami bai ce ba, shi ne layin shekaru. Buɗe tsakiyar littafinka inda shafi biyu suka haɗu, ka ja layi mai tsawon santimita 28 da rula. Kowace santimita ta zama shekara goma, daga 1750 zuwa 2030. A saman layin ka riƙa rubuta abin da ya faru a Nijeriya da duniya, a ƙasansa kuma abin da ya faru a ƙasar Zamfara.

Ga abin da za ka fara da shi. A shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alkalawa ta zama babban birninsu. A shekarun 1780 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, kuma a Magami ya haɗu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a taron Babbar Salla wajajen 1788. Ɗan Maradun ya san waɗannan sunaye biyu, domin har yau akwai mazaɓar Faru da Magami a ƙaramar hukumarsu. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto, a 1808 Alkalawa ta faɗi. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. A 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, a 1929 jirgin ƙasa ya isa Kauran Namoda, a 1960 aka sami 'yancin kai. Daga nan sai sarkar jihohi: Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Zamfara, Gusau ta zama babban birni.

Amfanin layin shi ne ido yana ganin tazara. Za ka lura cewa tsakanin faɗuwar Birnin Zamfara da faɗuwar Alkalawa bai kai shekara hamsin ba, wato akwai mutanen da suka ga duka biyun da idonsu. Da ka ga haka, tambayar dalilin da ya sa wasu Zamfarawa suka karkata ga Shehu da farko ta daina zama abin haddacewa, domin ka gane cewa mutane ne masu jin ciwon mulkin Gobir. Ka ga dalili ya fito da kansa daga jerin shekaru.

Abu na biyu shi ne madogara, wato daga ina labari ya fito. Littafi zai ce maka akwai madogara ta baka, da rubutacciya, da ta kayan tarihi irin su ganuwa da tsofaffin kaburbura da kasake. Haddace wannan abu ne na minti biyar. Aiki da shi kuwa, babu inda ya fi Bakalori koya maka.

An fara gina madatsar a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Ruwan ya shafe gonaki da ƙauyuka, aka kuma karɓe filaye ana baje su don noman rani. Manoma suka yi ta koke a kan diyya da filayen da aka ce za a mayar musu, har suka datse hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin Shehu Kangiwa na gwamnan Sakkwato, 'yan sanda suka afka musu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Wasu masu bincike da mutanen yankin suka ce sun haura ɗari uku.

To, in aka ba ka aiki a kan wannan, wane adadi za ka rubuta? Ka rubuta duka biyun, ka faɗi wanda ya faɗi kowanne, sannan ka yi wa kowace madogara tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Me zai samu ko zai rasa in aka yarda da maganarsa? Ɗalibin da ya yi haka ya fara aikin masanin tarihi na gaske, kuma malamin kirki zai gane hakan nan take.

Waɗanda suka ga wannan lamari suna samari, yanzu dattawa ne, kuma da yawansu suna raye a cikin gidajenku. Tambayar dattijo tana da ladabinta. Kada ka tare shi yana shirin fita gona ko masallaci. Ka bari sai ya natsu, bayan La'asar ko bayan an ci tuwon dare, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, Malam ne ya ba mu aiki a kan yadda aka gina Bakalori, na ce bari in zo wurinku ku ba ni abin da kuka gani." Sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka tambaye shi shekara da lambar Turawa, domin ba haka yake lissafi ba. Ka tambaye shi ko kafin mulkin Shagari ne ko bayansa, ko ya riga ya yi aure a lokacin, ko damina ce ko rani. Kai ne za ka koma kan layin shekarunka ka nemo inda maganar ta faɗa. Ka kuma rarrabe a takardarka tsakanin abin da ya ce "na gani" da abin da ya ce "an ce". Kada ka manta da tsofaffin mata. Kaka ta fi kowa tuna inda rijiyar tsohon gari take, da abin da aka ci a shekarar da aka tashi, da wanda ya ƙi tashi. In dattijo ya yi shiru a wani wuri bai son ci gaba, ka ƙyale shi, wataƙila akwai wanda ya rasa. Kuma ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa a littafi.

Wajen rubuta amsa, kowane sakin layi ya ɗauki batu guda: ka faɗi maganar, ka kawo dalilinta, ka kafa misali mai suna da shekara. Amsar tarihi da babu suna ko shekara a cikinta kamar miya ce ba gishiri.

Labarin ƙasa

A wannan darasi hannu ya fi baki aiki. Ka mallaki fensir mai kaifi, da rula, da magogi, da zare kamar kamu biyu. Taswira da fensir ake zana ta, kuma duk wadda za ka miƙa ta ɗauki abu huɗu: suna a sama, kibiya mai nuna arewa, ma'auni, da mabuɗin alamomi. Rashin ɗaya daga ciki yana cin maki ko da zanen ya yi kyau.

Fara da taswirar da ka sani. Ja babban titin da ya taso daga Gusau ya bi ta Bungudu da Maru ya ratsa Talata Mafara ya nufi Sakkwato. Sa Gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga wajajen Funtuwa, ya wuce ta Gusau, ya shiga tafkin Bakalori, ya gangara ta ƙasar Bakura, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, ruwan ya ƙare a Kogin Kwara. Ka sa kibiya a jikin gulbin mai nuna inda ruwa ya dosa. Wannan kibiya kaɗai ta amsa maka tambayoyi da dama, domin ruwa ba ya hawa tudu: Gusau ta fi Bakura tudu ke nan.

Ma'auni shi ke firgita ɗalibai, alhali lissafi ne na aji huɗu na firamare. In taswira ta ce 1:100,000, santimita ɗaya a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa. In ta ce 1:50,000, santimita biyu ne kilomita ɗaya. Hanya miƙaƙƙiya da rula ake auna ta. Gulbi kuwa ko hanya mai lanƙwasa, sai ka kwantar da zare a kanta yana bin kowace kwana, ka danne ƙarshensa da farce, ka miƙe shi a kan rula. In zaren ya ba ka santimita 14 a taswirar 1:50,000, tafiyar kilomita 7 ce. Ka rubuta matakan lissafin duka, domin ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Layukan da ke nuna tudu da kwari su ma ka karance su da idon ɗan ƙauye. Inda suka matsu da juna, gangara ce mai tsini. Inda suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe irin na fadama. Inda suka tsallaka rafi suka yi tsini kamar bakin mashi, tsinin yana nuna wajen da ruwa ya fito.

Lissafin lokaci kuwa, mai azumi ya riga ya san shi. Duniya na juya digiri 15 a awa guda, wato digiri ɗaya minti huɗu. Talata Mafara tana kan kusan digiri 6 gabas da layin Girinwic, Maiduguri kuma kusan digiri 13. Bambancin digiri 7 ne, sau huɗu, minti 28. Shi ya sa mutanen Maiduguri ke riga ku shan ruwa da kusan rabin awa, alhali agogonku ɗaya. Agogon Nijeriya duka an saita shi ne a kan digiri 15 gabas, don haka a Mafara rana ba ta tsayawa tsaka sai sha biyu ta gota da wajen rabin awa. Ka kafa sanda a tsakar gida ranar Asabar ka duba lokacin da inuwarta ta fi gajarta. Ƙa'idar jarrabawa ita ce in ka nufi gabas ka ƙara, in ka nufi yamma ka rage.

Akwai wani wuri da littafi da ido suke kamar sun saɓa, kuma ɗalibai masu lura sukan rikice a kansa. Littafi ya ce iskar kudu maso yamma daga Tekun Atlantika ce ke kawo damina, ta arewa maso gabas daga Sahara kuma ke kawo hunturu. Amma kowane manomi a Bakura ya san hadari daga gabas yake tasowa. Duka biyun gaskiya ne. Damshin yana shigowa ne daga kudu maso yamma ta ƙasa-ƙasa, gizagizan hadari kuma iskar da ke can sama ce ke kora su daga gabas zuwa yamma. A jarrabawa in an tambayi iskar da ke kawo damina, ta kudu maso yamma ce amsa.

In kana son ka riƙe darasin yanayi har abada, auna ruwan sama da kanka. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ajiye shi a fili nesa da indararo da bishiya, ka tokare shi da duwatsu kada iska ko akuya ta kifar. Kowace safiya a lokaci guda ka tsoma rula ka karanta zurfin ruwan da milimita, ka rubuta, ka zubar. A ƙarshen kowane wata ka haɗa jimla, ka zana ginshiƙi guda. Zuwa kaka za ka ga ginshiƙan sun hau sun sauka, kuma galibi na Agusta ne zai fi tsawo. Wanda ya zana nasa, ba zai ƙara jin tsoron jadawalin ruwan sama na wani gari a takardar jarrabawa ba.

Cunkoson jama'a shi ma ka gwada shi da gida. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Talata Mafara tana da mutum kimanin 215,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,430. Maradun tana da kimanin 211,000 a fili kusan 2,730. Raba jama'a da faɗin ƙasa: Mafara ta ba da wajen mutum 150 a kowace murabba'in kilomita, Maradun wajen 77. Yawan jama'a kusan ɗaya, cunkoso kuwa ninki biyu. Sai ka tambayi kanka dalili: babban titi, kasuwa, makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga kuma faɗin dajin da ke arewacin Maradun. Ka tabbata ka rubuta shekarar ƙidayar kusa da adadin, domin jama'a sun ƙaru sosai tun lokacin.

Tambayar amfani da illar manyan madatsun ruwa tana yawan fitowa, kuma kai ba ka da uzurin faɗuwa a kanta. Ga yadda sakin layi guda zai kasance a takardar gwajinka: madatsa tana rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasa da ita suka dogara a kai, dalili shi ne tana riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, misali, bayan kammala Bakalori a 1978 fadamun da ke gangaren Gulbin Sakkwato sun rage samun ruwan da ke malala yana kawo laka, noman shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. A ɓangaren amfani kuma ka kawo noman rani na shinkafa da alkama da kayan lambu, da ruwan sha, da kamun kifi a cikin tafkin mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Gargaɗi guda a nan: halin tsaron yankin nan ba ɓoyayye ba ne. Kada wani aikin makaranta ya kai ka daji ko bakin dam kai kaɗai. Abin da za ka gani daga cikin gari, da abin da manoma da direbobi za su gaya maka a kasuwa, ya isa.

Ilimin zama ɗan ƙasa

Ɗalibai suna ɗaukar wannan darasi a matsayin mai sauƙi, sai su amsa shi da wa'azi: a zauna lafiya, a bi doka, a so juna. Mai duba takarda ma'ana yake nema, da misali, da sashen doka in ka san shi. Ka riƙe kaɗan daga Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 4 da na 5 da na 6 su suka raba iko tsakanin majalisa da zartarwa da shari'a. Sashe na 7 ya tanadi ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 24 ya jero nauyin da ke kan ɗan ƙasa. Babi na huɗu, daga sashe na 33, shi ne na haƙƙoƙi, ya fara da haƙƙin rayuwa, kuma a cikinsa sashe na 44 ya hana karɓe dukiyar mutum ba tare da biyan diyya a kan kari ba. Ka ga inda darasin nan ya haɗu da labarin manoman Bakalori, ko da yake su a ƙarƙashin kundin 1979 abin ya same su.

In an ce ka bayyana yadda rassan gwamnati ke taka wa juna burki, ga misali a gida. A zaɓen 2019 hukumar zaɓe ta bayyana ɗan takarar APC a matsayin wanda ya ci kujerar gwamnan Zamfara. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ta soke ƙuri'unta, Bello Matawalle na Maradun ya karɓi mulki daga Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ranar 29 ga wata. Ka rubuta shi ba tare da nuna wanda gidanku ke goyon baya ba. Littafin aikin gida ba dandalin kamfe ba ne. Haka in ana maganar tsarin tarayya da ikon da jiha ke da shi na yin dokokinta, ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999 ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura misali ne da duk ƙasar ta sani.

Ka san wakilanka hawa-hawa, ka zana su a jere a bangon littafinka. Kansila a mazaɓa, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha cikin 24 da ke Gusau, ɗan majalisar wakilai cikin 360, sanata cikin 109. Bakura da Maradun kujerar majalisar wakilai guda suke rabawa, Talata Mafara kuma da Anka. Dukansu suna cikin mazaɓar sanata ta Zamfara ta Yamma tare da Gummi da Bukkuyum. Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun iyayen ƙasa ne masu daraja da faɗa-a-ji, amma kada ka sa su cikin rassa uku na gwamnati, kuskure ne da ake yawan yi. Ayyukan ƙaramar hukuma kuwa, ka shiga kasuwa ranar Talata ka gan su: rumfuna da mai yankar rasit, tashar mota, kwashe shara, mahauta.

Wata rana za a ba ku tambaya a kan haƙƙin ilimi ko matsalar tsaro. Ɗaliban wannan yanki sun san abin a jikinsu: 'yan mata 279 da aka sace daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da ɗaliban makarantar Kaya a Maradun a watan Satumba na shekarar, da watannin da makarantu suka yi a rufe. Kana da damar kawo wannan a amsarka, cikin natsuwa, ka ɗaure shi da sashe na 14. In abin ya taɓa ka ko wani naka har rubuta shi zai yi maka nauyi, ka zaɓi wani misali, babu mai tilasta ka.

Waya, abokai da mutanen gida

Waya tana da amfani wajen duba shekara ko ganin hoton taswira, amma duk abin da ta ba ka game da garinku ka gwada shi da littafi ko malami ko dattijo, domin manhajojin da ke amsa tambaya sukan ƙaga suna da shekara su faɗe su da cikakken ƙarfin gwiwa, musamman a kan ƙananan garuruwa. Karatun rukuni yana da kyau in bai wuce mutum huɗu ba: ku tattauna tare, kowa ya koma ya rubuta nasa da kalmominsa.

Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, taimakonku babba ne. Ku ware wa yaro awa guda da fitila bayan Isha'i, ku ɗauke wa yarinya wanke-wanke da raino a wannan awar kamar yadda ake ɗauke wa ɗan'uwanta. Sannan ku ce, "To, gaya mini da Hausa abin da ka rubuta." In ya yi bayani kun gane, ya iya. In ya fara kame-kame, ya koma ya sake karantawa. Yayan da ya gama sakandare kuwa, ya riƙe hannunsa daga rubuta wa ƙanensa amsa. Tambaya zai riƙa jefa masa har ya kai ga amsar da kansa.

Kafin ka miƙa, ka ƙirga batutuwanka ka ga sun kai adadin da aka nema, ka duba rubutun sunaye da shekaru, ka tabbata lambar kowace amsa ta dace da ta tambayarta. Idan littafin ya dawo da jan biro, kada ka tsaya a kan makin da ke sama. Bi duk inda malami ya ja layi, ka sake rubuta wannan sakin layin daidai a ƙasan aikin a ranar. Inda ba ka gane dalilin jan ba, ka same shi bayan an tashi, ka ce, "Malam, don Allah a nan me ya rage?" Abin da ya gaya maka ka rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin, wurin da za ka riƙa tara irin waɗannan gyare-gyare, domin daga wannan shafin za ka fara bita idan jarrabawar zango ta matso.